Ƙofar da Aka Yi wa Rufewata

Rufewa ba ta da ƙofa, baki gare ta. Haka na tarar a gidan ubana, haka na tarar a gidan da aka kawo ni aure, ban kuma taɓa zaton akwai ranar da zan zauna ina yi wa wani bayanin wannan ba. Rumbun ƙasa nake nufi, wanda mu mutanen bakin ruwa muke kira rufewa. A jera duwatsu, a ɗora gini a kansu, a yi ta jan shi sama yana buɗewa yana tsukewa kamar tulu, har ya wuce tsayin namiji da hannunsa a miƙe. Can a ƙoli ake bar masa baki guda, daidai inda kafaɗun mutum za su wuce. A kifa murfi, a liƙe da laka, a ɗora jinka. Mai son hatsi ya jingina tsani, ya hau, ya buɗe, ya zura jiki ya ɗauko.

Ni ban yi boko ba, na allo ma iyakata abin sallah. Amma na san duk inda aka buɗe a jikin abu yana da sunansa, kuma ba don ado aka raba sunayen ba. Ƙofa ta mutum ce, da ƙafarsa yake shiga, da ƙafarsa yake fita, yaro da babba, ɗan gida da baƙo. Taga ta iska ce da haske. Kafa ba kai kake yin ta ba, kusu ke yi maka ita, ko ruwa, kuma sai ta gama ɓarna kake ganin ta. Tsaga ta gajiya ce, bango ya tsufa ya buɗe da kansa. Idon taru auna shi aka yi, ya saki ƙaramin kifi ya riƙe babba. Shi kuwa baki, ko na tulu, ko na rijiya, ko na rufewa, sama yake kallo. Abin da ka fara zubawa ta baki shi ne ƙarshen abin da hannunka zai taɓa. A kan wannan aka gina rufewa, a kan wannan kuma muke ajiyar iri.

Akwai wata dawa da muke da ita. Ba ta da suna a kasuwa, dawar gungu kawai muke ce mata, don daga gungu muka taho da ita, tsibirin da aka haife ni, wanda yanzu jiragen ruwa ke wucewa ta bisansa. Da aka datse kogi, ruwan tafki ya hau aka tashe mu, ina yarinya ban isa ɗaukar tulu ba, Innata ta bar turminta, ta bar randunanta, amma ta ɗaure zangarniyar dawar nan a zane ta ɗora bisa cinya cikin jirgi. Doguwa ce, ja ce, karanta kauri gare shi. Ruwa kan shiga gona ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ita tana tsaye da kanta a sama kamar ba da ita ake ba. Tuwonta kan kwana ya wayi gari bai saki ba. Da za a kawo ni aure Inna ta sa mini ita cikin kaya, ƙarƙashin ƙoren jere.

Sannu a hankali mutane suka yi ta barin ta. Wannan ya koma masara, wancan ya koma shinkafa da albasa, wani ya karɓi gajeriyar nan fara mai saurin nuna. Tamu tana da jinkiri, in ji su. Mu muka riƙe ta, ni da maigidana, a gonar fadama. Allah ya karɓi ransa, na ci gaba da riƙe ta ni kaɗai.

Shekarar da nake ba da labari, ruwa ya zo da abin da ya fi ƙarfinta. Ya hau har ya rufe kanta, ya zauna kwana da kwanaki. Da ya ja baya, ƙanen maigidana ya tuƙa ni cikin kwale-kwalensa muka bi gefen gonar, inda ƙasa ta ɗan tashi, ina yankar abin da ya tsira. Masunci ne, tsoho shi ma, tun ina amarya muke wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanen miji, furfura ba ta hana shi ba.

"Amarya, a hankali da wuƙar nan," in ji shi. "In kin faɗa ruwa ba mai tsamo ki, taruna na ƙananan kifi ne."

"Riƙe jirginka, tsohon banza. Wanka ya fi ka iya tuƙi."

"Wana ya tafi ya bar ni da wahala."

Dami uku muka samu, ba ƙari. Na ce a raina bana ba mai cin dawar gungu, ko ni. Duka iri ne. Abinci kuwa, gonar tudu ta ba mu gajeriya, za ta kai mu.

Da hannuna na shirya su. Na shiga rufewa na share ta tas. Na zuba toka mai sanyi a ƙasa, na shimfiɗa ganyen ɗoɗɗoya saboda gunda, ƙwaron nan mai huda hatsi. Na jera zangarniyar iri, na zuba toka, na jera, na zuba toka, na rufa tsohuwar tabarma a kai. Sa'an nan aka yi ta miƙo mini dammunan gajeriya ina jerawa ina takawa, ina jerawa ina takawa, har na fito ta baki. Wanda zai kai ga irin nan, sai ya cinye rufewa tun daga sama har ƙasa, ko kuwa ya shiga da niyya ya kau da dammuna ya ɗaga tabarma. Ba kwado, ba makulli. Tsayin ginin shi ne mai gadi.

Ana nan, wata guda bayan girbi, wata safiya na hau ɗauko dami. Tsanin gungumen giginya ne da aka sassara wa matakai, na san shi kamar tafin hannuna. Ina saukowa da dami a ka, ƙafa ta zame. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa. Cinya ce ta karye, can kusa da ƙugu.

A nan sai na faɗi wani abu, in ba haka ba ba za a gane wautata ba. Ɗana na fari shi ne maigida yanzu. Makanikin injin jirgi ne a kwatar Yelwa, inda jiragen ruwa ke tsayawa, yana zuwa gida Alhamis da yamma ya koma Asabar, matarsa da 'ya'yansa suna tare da ni. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Haka ake yi a wurinmu, ɗan fari kunyarsa ake ji. Ban yi masa wasa a gaban mutane ba. Kakarsa ta yaye shi ta riƙe shi, ya girma ina kallon sa ta gefen ido. In ina so ya ci abinci, bango nake ce wa, "Ga tuwo nan yana hucewa." In ya yi laifi ubansa ke faɗa. In ya kawo mini zane, sai in ce a mayar, ina da zannuwa, shi kuma ya ajiye ya tafi, in ɗaura ran sallah. Haka muka saba. Ubansa ya tafi, ya bar ni da ɗan da ban san yadda ake ce masa a'a ba.

Aka yi masa waya, kafin azahar ya iso. Ina kwance a ɗaki ana jiran jirgin da zai kai ni Yelwa wurin mai ɗori, na ji shi a tsakar gida yana magana da ƙanen ubansa.

"Baffa, hawan nan ya ƙare daga yau. Ƙofa zan sa a yi mata a ƙasa, ta ƙarfe, da kwado. Ta buɗe tana tsaye ta ɗauki abin da take so."

"Ka tambayi mai rufewar?"

"Ai Inna ba za ta ce komai ba."

"Shi ya sa na ce ka tambaye ta."

Bai shigo ya tambaye ni ba, ni kuma ban ɗaga murya ba. Na kira matarsa da ke tsugune tana ɗaure mini kaya.

"'Yar nan, ki gaya wa mutumin nan ya bar rufewa yadda take."

"To, Inna."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce akwai iri a ƙasa ba. Zafi na ci na, kuma wa ke faɗin abin da kowa ya sani? Sai dai ban tsaya na duba wace ce a gabana ba. Surukata yarinyar kirki ce, ban taɓa jin ta ta ɗaga mini murya ba, amma 'yar cikin garin Yelwa ce, ubanta tela ne, hatsinsu da mudu suke sayo shi a kasuwa. Ranar da na jera irin nan ma ba ta gida, tana wurin iyayenta wankan jego. Shi kuma mijinta tun yana yaro hannunsa a baƙin mai yake, bai taɓa zura kai cikin rufewa ba. Wanda ya sani shi ne Baffansu, shi kuwa kwana biyu bayan tafiyata ya kwashi tarunsa ya bi kifi wajen Shanga, kamar yadda yake yi kowane rani.

Daga baya na ji yadda saƙon ya isa. Ta faɗa masa kamar yadda na faɗa, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kara ce irin ta Inna, ba ta son a wahala saboda ita." Yadda yake yi da zane, haka ya yi da wannan.

Wata uku na yi a Yelwa, a gidan autata. Mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera karare, ya ɗaure. Ina kwance ina kallon rufin kwano, babura na wucewa bayan katanga tun safe har yamma, hayaƙin bandar kifi na shigowa ta taga. Sau ɗaya na tambayi auta labarin rufewa. Ta ce, "Inna, ki ji da ƙafarki. Yaya ya ce kada ki sa komai na gida a ranki." Na ɗauka an ji maganata. Ashe su duka sun sani, sun haɗa baki ne don in dawo in ga abin farin ciki.

Na dawo cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. Aka sauke ni a kwata da sandata, aka ɗora ni bisa babur har ƙofar gida. Rufewa a bayan ɗakina take, mai shigowa ba ya ganin ta. Na zauna bisa tabarma, maƙwabta na shigowa barka da arziki. Da suka watse surukata ta kawo mini akushi ta ajiye, tana ta murmushi. Na buɗe. Tuwo ne ja, da miyar kuka da kifi. Tururin ya taso mini, na ji ƙamshin ɗoɗɗoya a cikinsa.

Na daɗe ina kallon akushin.

"'Yar nan, wace dawa ce wannan?"

"Ta rufewa ce, Inna. Jar nan. Ban taɓa cin mai daɗinta ba. Sai dai toka, sai na wanke ta sau uku kafin in surfa. Yara tun da suka ɗanɗana ta suka ƙi farar."

"Ta ina kika kai gare ta?"

"Ai ita ce a bakin ƙofa. Ana buɗewa ita ake fara gani." Ta rufe baki da hannu. "Kash, na ɓata musu shiri. An ce kada a gaya miki sai Alhamis."

"Saura nawa?"

"Ta ƙare tuni. Wannan ma ɓoye ta na yi don ki dawo ki ci. Jiya na surfa ta."

Jiya. Da jirgin shekaranjiya na hau, da na tarar da ita a zangarniyarta. Wannan jiyan har yau yana tashi na zaune.

Na dafa sanda na zagaya bayan ɗaki. Ga ta nan. An sare cikin rufewata tun daga saman duwatsu har tsayin ƙirji, an kafa ƙofar ƙarfe, an shafa mata koren fenti, an liƙe gefenta da siminti, ga kwado yana reto. Aiki kam, ban ce ba shi da kyau ba. Na sa aka buɗe. Mai saran ya yanka tabarmata biyu, rabinta na nan a maƙale ƙarƙashin dammunan gajeriya, rabi an jefar. Inda na jera iri kuwa wayam, sai toka da ɓawon zangarniya, dammunan sama sun zauno sun cike gurbin.

Na koma na zauna gaban akushin. Surukata na tsaye, ta ga fuskata, murmushin ya tafi.

"Inna, na yi wani abu ne?"

"Kawo ruwa in wanke hannu."

Na ci tuwon nan duka. Na ci a hankali, loma bayan loma, na suɗe akushin. Da na gama na gaya mata abin da ta tuƙa. Ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, tana cewa ba ta sani ba. Na san ba ta sani ba. Da ta sani da na samu wanda zan yi wa faɗa, da na huce. Wannan shi ne abin da ke ci na, na duba gabas na duba yamma, ba mugu ko ɗaya a cikin labarin. Kowa alheri ya nufa da ni, har suka cinye ni.

Alhamis da la'asar ya iso. Baffansu ma ya dawo daga Shanga ranar, suka shigo tare. Matar ba ta faɗa masa ta waya ba, ta ji tsoro. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakina ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar kullum. Ya ciro makulli na biyu daga aljihu ya ajiye a gefen tabarma.

"Inna, an ga aikin?"

Na juya wajen Baffansu. "Ka tambayi ɗan wanka, ina dami ukun da muka tsamo daga ruwa?"

Tsohon ya dube ni, ya dubi makullin, ya tashi ya zagaya baya. Da ya dawo ba wasa a bakinsa.

"Amarya, na ɗauka kin faɗa musu."

"Ni kuma na ɗauka ka faɗa."

"Wane dami?" in ji ɗan nawa. "Baffa, me ya faru?"

Baffan ya buɗe baki zai yi bayani. Ban san abin da ya taso mini ba. Na juyo na dubi fuskar yaron nan sosai, na ga har ya fara furfura a gemu, ban san yaushe ta fito ba.

"Kai," na ce.

Shekara arba'in da wani abu ban taɓa ce masa kai ba.

"Kai, na aiko a ce maka ka bar rufewa yadda take. An faɗa maka ko ba a faɗa maka ba?"

"An faɗa, Inna."

"Irin dawar gungu ne a ƙasanta. Ba sauran wani a duniya da na sani. Ka buɗe masa ƙofa, 'ya'yanka sun cinye shi."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Inna, da kin ce akwai iri."

"Na ce a bar ta."

"Na ɗauka kara ce. Kullum in na kawo abu cewa kike a mayar."

Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Ni na koya masa cewa a'ata ba a'a ba ce. Haushin ya rasa inda zai sauka, ya dawo kaina.

"Zan sayo miki iri, Inna. Akwai shago a Yelwa, ingantacce, a leda, wata uku ya nuna."

"Yana tsayawa a ruwa?"

Ya miƙe ya fita.

Ban ce bai yi ƙoƙari ba. Ranakun kasuwa ya bar aikinsa ya bi masu hatsi layi layi yana tambayar jar dawa doguwa. Baffansu ya bi tungayen masunta da ƙauyukan bakin ruwa, daga wajen Ngaski har inda ya yi rani, duk inda aka ce akwai tsohon da ya taso daga gungu. Wannan ya ce rabonsa da ita tun ubansa na da rai. Wancan ya ce ya san ta, tuwonta ba ya saki, Allah sarki. Sau biyu ana kawo mini jar dawa a ƙulle a leda. In ɗauki ƙwaya in sa a haƙori in fasa, in mayar musu. Ja ce, amma ba ita ba ce.

Ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, maƙwabta suka fita da sungumi. Ni ina zaune. Rana ta uku na ce wa surukata ta kawo mini tsintsiya da rariya da faifai, ta buɗe mini ƙofar nan. Muka fitar da dammunan gajeriya muka tara a tsakar gida. Na ajiye sanda, na durƙusa, na ja jiki na shiga. Zan faɗi wannan ko da ba na son faɗinsa: da ƙafar da nake da ita yanzu, in ba ta ƙofar ba, da ban shiga rufewar nan ba har abada.

Na share tokar duka, na bi kowane lungu, na sa tsinke na tono abin da ya maƙale a jikin laka. Ina ciki na ga haske siriri yana shigowa ta gefen ƙofa. Siminti da laka ba su riƙe juna ba, sun rabu, kusu ya samu kafa ya faɗaɗa ta. Ga kashinsa nan ko'ina. Rufewar da ta shekara talatin kusu bai san cikinta ba.

Muka tankaɗe tokar a inuwa, ni da ita. Abin da ya rage bisa rariya muka tsince shi ƙwaya ƙwaya, muna ware ja daga fara. Ya cika tafin hannu biyu. Na duba da kyau, na ga gunda ta riga mu, yawancinsu da ɗan huji kamar na allura. Na zuba su a ƙwaryar ruwa. Masu hujin suka taso sama, na kwashe na watsa wa kaji. Abin da ya nutse bai cika ludayi ba.

Ban kai shi fadama ba. Bayan ɗakina na shuka shi, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ƙwaya bibbiyu a rami, ina bismilla a kan kowane. Surukata ta saro ƙaya da kanta ta kewaye wurin saboda awaki, hannunta duk ya farfashe. Wasu suka tsiro, wasu suka ƙi. Cikin waɗanda suka tsiro, tsutsa ta ci zuciyar wasu. Na ɗauko kujerata na kafa a wurin, damina guda ina zaune gaban karan dawa kamar mai jinya. Da ta fitar da kai tsuntsaye suka gano ta, na ɗaura gwangwani a igiya ina ja tun fitowar rana har faɗuwarta.

Fadama kuwa irin leda aka shuka mata. Ya fito kore shar, ɗan nawa ya yi ta murna, yana aikowa a gaya mini. Ruwa ya hau kamar yadda ya saba hawa, bai ma kai ƙugu ba, iyakarsa gwiwa. Gajeriya ta kwanta, ba ta tashi ba. Ɗan nawa bai ƙara aiko da labarin fadama ba. Rufewa ita ma kafin ƙarshen damina ta tsage daga kusurwar ƙofa, tsagar ta haura sama kamar jijiya. Ya ce zai gina mini sito na bulo da kwano. Na ce to. Yanzu ina yi masa magana baki da baki, kaɗan kaɗan, ba daɗi, kamar mai taka ƙafar da aka ɗora.

Zangarniya tara na yanka bayan ɗakin nan. Tara. Na ɗaure su na rataye a ɗakina, saman murhu, inda hayaƙi ke bugun su. Na kira surukata da 'ya'yanta na nuna musu da sanda, na ce wannan iri ne, ba a ci, ba a taɓawa, ko na mutu. Na faɗa sau uku. Na ji kunyar faɗin, kamar mai gaya wa mutane ruwa na jiƙa kaya, amma na faɗa.

In Allah ya kiyaye su daga ruwa da tsuntsu da akuya, damina uku ake nema kafin su isa shuka fadama. Ban sani ba ko ina da damina uku.

Kwanan baya Baffansu ya zo ya zauna a bakin ƙofata, ya ɗaga kai yana ƙirga su da ido.

"Amarya, ba ni biyu."

"Ka ci gidanku."

"Ba ci zan yi ba, haƙoran ma ina suke? Akwai tudu a bayan tungarmu, ruwa bai taɓa hawansa ba. In naki ya ƙi, nawa ya yi. Kin tara su wuri guda kamar wancan karon."

Raina bai so ba ko kaɗan. Mutumin da ya san da iri a rufewa ya kwashi taru ya tafi Shanga, shi zan ba biyu cikin tara?

"In ka bari awakin tunga suka ci, kada ka sake tako gidan nan."

"In na bari suka ci, ki aure ni, shi ne horona."

Na sa surukata ta hau kujera ta kwanto. Na juya su a hannu na zaɓi biyu, ba manyan ba, ba kuma ƙananan ba. Na naɗe su a tsumma da toka, na gaya masa yadda zai ajiye, na gaya masa ranar da zai shuka, na sa ya maimaita mini. Ya sa su cikin rigarsa ya nufi kwata. Na bi shi da ido har ya sha kwana, sa'an nan na koma ciki na sake ƙirga bakwai ɗin.